Daga Abuja zuwa Lakwaja a wuni ɗaya, da yara da tsohuwa: zai yiwu?

"Assalamu alaikum Malam. Ni Bakano ne, aiki ya zaunar da ni a Kubwa. Yarana uku sun karanta labarin mahaɗar Kwara da Binuwai a makaranta, sun hana ni sakat sai na kai su sun gani da idonsu. Mahaifiyata da ta zo mana ziyara ta ji ana maganar, ta ce in dai Lakwaja ce ƙafarta ƙafarmu, domin tun tana yarinya take jin a can kabarin Sarki Alu yake. Ba ni da halin kwana. Za mu iya zuwa mu dawo rana ɗaya? Wane lokaci ya fi dacewa, me ya kamata mu gani, kuma shiga jirgin ruwa da yara ba ganganci ba ne?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya raya yaran, ya ƙara wa Hajiya lafiya. In na fahimce ka, buƙata uku za ka ɗora wa mota ɗaya: yara na son ruwa, Hajiya na son ziyara, kai kuma kana son ka kwana a ɗakinka. Zai yiwu. Ina koyar da tarihi a wata sakandare nan Abuja, kuma Lakwaja na cikin garuruwan da nake kai ɗalibai, mu fita da asuba mu dawo kafin magariba. Sai dai ka sani tun yanzu cewa wunin ba naka ba ne gaba ɗaya. Hanya za ta ci awa shida zuwa bakwai, zuwa da dawowa. Abin da zai rage maka a cikin gari awa biyar ne, in an yi sa'a shida, kuma a cikinsu akwai sallah da cin abinci da zafin rana. Duk wanda ya ce zai ga Lakwaja kaf a wannan ɗan tsakanin, titunanta kawai zai gani ta tagar mota. Wuri biyu za ka riƙe da ƙarfi, wato kan Dutsen Patti da unguwar Kabawa. Sauran duk abin da ya samu riba ce.

Hanya ita ce mai yanke hukunci

Tsakanin Abuja da Lakwaja kilomita kusan 200 ne. Daga Kubwa za ka bi ta Zuba ka sauka Gwagwalada, wanda ke cikin gari kuma ya bi titin filin jirgi ya ɓulla Giri. Daga nan hanya ɗaya ce: Kwali, Yangoji, Abaji inda iyakar Babban Birnin Tarayya take, sai Gegu, sai Kotonkarfe, sai gadar Murtala Muhammed a Jamata inda za ku haye Kwara, sannan ku shiga gari ta Felele. A takarda tafiyar awa biyu da rabi ce. Ni awa uku nake lissafawa, in bar rabin awa a gefe.

Dalili shi ne wannan titi shi ne maƙogwaron da Abuja da arewa ke haɗiye kayan kudu ta cikinsa. Tankokin mai, tireloli, manyan motocin siminti da ke fitowa daga Obajana, bas-bas na Legas da Anaca da Benin, duk nan suke bi. Tun 2006 aka ba da kwangilar mayar da shi tagwaye, aikin kuma ya yi ta jan ƙafa, shi ya sa za ka yi ta gudu a kwalta mai kyau, can sai ka ga an haɗe motoci hannu ɗaya. Tirela ɗaya ta faɗi a irin wannan wuri, an gama da wunin kowa. Babu jirgin ƙasa tsakanin garuruwan biyu, don haka babu wata mafita sai sammako. Ku yi sallar asuba ku shiga mota. Ƙarfe shida ta same ku kun wuce Zuba, tara da 'yan mintoci kuna Lakwaja.

Dawowa ta fi zuwa muhimmanci. Ka sa wa ranka cewa ƙarfe uku na rana, in ya yi tsanani uku da rabi, hancin mota ya juya arewa, ko an gama ko ba a gama ba. An sha samun labarin masu garkuwa da mutane a wasu sassan hanyar, kuma yawancin munanan haɗurra da duhu suke faruwa, lokacin da direbobin manyan motoci suka gaji. Da iyali a mota ba na yarda magariba ta same ni ban wuce Abaji ba. Ka cika tanki tun daren jiya, ka duba safaya da jak da ruwan lagireto, takardun mota su zama a hannu domin akwai shingayen jami'an tsaro da dama.

In motar haya za ku shiga, ana samun ta Lakwaja a Zuba da Gwagwalada da wasu tashoshin cikin gari. Amma ku biyar ne, ko shida in an haɗa da uwar yara, kuma jiran mota ta cika zai cinye muku sammakon. Ku yi shatar mota guda ta wuni, ku daidaita da direba tun kafin ranar cewa zai hau dutse kuma zai jira ku.

Wane wata, wace rana

Ka cire Satumba da Oktoba daga lissafi. A lokacin ne kogunan biyu ke cika maƙil, ga ruwan damina, ga wanda ake saki daga madatsar Lagdo ta Kamaru ya biyo Binuwai. A 2012 ruwa ya shanye titin Abuja zuwa Lakwaja, matafiya suka kwana a hanya. A 2022 aka maimaita a wajen Kotonkarfe, tankoki suka maƙale, har muka shiga layin mai a nan Abuja. Ko a shekarar da titi ya tsira, unguwannin bakin ruwa irin su Ganaja da Adankolo suna cikin fama, ba lokacin baƙi ba ne.

Bazara ma da matsalarta. Lakwaja a kwari take, ga dutse a bayanta, ga ruwa a gabanta, zafinta daga Fabrairu zuwa Afrilu mai gumi ne, kamar ka buɗe murfin madambaci ka sa fuskarka. Bakano ya san zafi, amma busasshe ya sani. Da dattijuwa a mota ban ba ka shawarar Maris ba. Tsakiyar hunturu kuma, ƙarshen Disamba zuwa Janairu, akwai sanyi mai daɗi, sai dai hazo kan rufe mahaɗar, ku sha wahalar hawa dutse ku tarar da farin labule. Ga kuma cunkoson masu tafiya Kirsimeti, wanda daga tsakiyar Disamba yake mayar da Lakwaja tashar mota guda.

Abin da ya rage shi ne Nuwamba zuwa farkon Disamba, kuma shi nake zaɓa wa ɗalibaina. Ruwa ya fara ja amma kogi na nan da cikarsa, ciyawa ba ta gama bushewa ba, sararin sama garau. Wanda ya rasa wannan, Mayu zuwa farkon Yuni ma ba laifi, bayan ruwan farko ya wanke ƙura. Game da rana kuwa, ka guji Juma'a da yammacin Lahadi da jajiberen kowane hutu. Asabar ta yi wa ma'aikaci daidai, amma gidan tarihi da sauran wuraren gwamnati ba lallai ka samu mai buɗe maka ba. In za ka iya karɓar hutun kwana ɗaya lokacin da yara ke gida, Talata ko Laraba ta fi.

Abin da ya tara tarihi a wannan gari

Kafin ku tafi ka ba yara labarin a taƙaice, don idan ba su san abin da suke kallo ba, tsofaffin gine-gine ne kawai da tsatsa. Kwara ya taso daga tsaunukan Gini, ya ratsa Bamako da kusa da Tumbuktu da Yamai, ya shigo ta Yawuri da Jabba, tsawonsa ya haura kilomita 4,000. Binuwai ya fito daga tuddan Adamawa na Kamaru, ya bi ta Garwa da Yola da Makurɗi, kimanin kilomita 1,400. A zamanin da babu titi babu dogo, wanda ya riƙe inda suka haɗu ya riƙe ƙofar shiga ƙasa. Mutanen wurin sun daɗe da sanin haka: Oworo a kan tuddai, Kakanda da Nufawa a kan ruwa da jiragensu, Igala da Bassa a ƙetare, Igbirra ta wajen Kotonkarfe, da fataken Hausa da ke saukowa da kanwa da fatu.

Turawa sun makara kafin su gane. Sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka biyo kogin daga Bussa har teku. A 1841 Ingila ta aiko da jirage uku, aka karɓi fili a hannun Attan Igala aka buɗe gonar gwaji a kusa da mahaɗar, zazzaɓi ya kashe da yawa daga cikinsu, sauran suka gudu. Wanda ya sauya lissafin likita ne ɗan Sikotilan, William Baikie, da ya hau Binuwai a 1854 yana ɗura wa mutanensa kwinin kullum, ya dawo ba wanda ya mutu. Wajen 1860 ya zauna a gindin Patti da amincewar Etsu Nupe Masaba, ya buɗe kasuwa, 'yantattun bayi da 'yan kasuwa suka taru a gefensa. Ya iya Hausa, har Kano ya je a 1862. Daga wannan zango ne garin da muka sani yau ya girma.

Sai kamfani ya biyo baya. George Goldie ya haɗe kamfanonin Ingila da ke ciniki a kogin, a 1886 gwamnatinsu ta ba shi izinin mulki da sunan Royal Niger Company, Lakwaja ta zama barikin sojansa. Daga nan aka tashi aka ci Bida a 1897. Ranar 1 ga Janairu 1900 aka sauke tutar kamfani a Lakwaja aka ɗaga ta Ingila, Gwamna Lugga (Frederick Lugard) ya karɓi ragamar abin da suka kira Arewacin Najeriya, alhali a ranar bai mallaki Kano ko Sakkwato ko Zazzau ba. Za ku ji 'yan gari na cewa Lakwaja ce babban birnin Najeriya na farko. Gaskiyar da ke ciki ita ce a nan aka yi shelar mulkin Arewa. Hedikwatar ba ta daɗe ba ta koma Jabba, a 1902 ta koma Zungeru, daga baya Kaduna. Garin bai sake zama fadar gwamnati ba sai da aka ƙirƙiro jihar Kogi a 1991.

Patti tukuna

Da shigarku gari ku wuce kan dutse kai tsaye, kafin rana ta yi ƙarfi. Tsayinsa kimanin mita 450 ne daga matakin teku, samansa shimfiɗaɗɗe, kuma mota na hawa har can ta wata siririyar hanya mai kwana-kwana. 'Yan motsa jiki na hawa da ƙafa, amma wannan ba naku ba ne. Abin lura shi ne saukowa: direba ya sa ƙaramar giya, kada ya dogara da birki kaɗai, ya riƙa yin oda a kowace kwana.

A sama akwai dogayen turakun rediyo da talabijin, da ɗan ƙaramin ginin da ake kira gidan hutun Lugga. Ginin ba zai burge yara ba, minti goma ya ishe shi. Abin da kuka zo dominsa yana bakin dutsen, ta gabas. Garin na kwance a ƙasa, rufin kwano ja da fari, hasumiyoyin masallatai da coci-coci, sai Kwara ya sauko ta hannun hagunka, faffaɗa, a natse. Can gaba Binuwai ya ɓullo ta tsakanin tsibirai da fadamu ya shige shi, su miƙe kudu su zama ruwa ɗaya. Kwale-kwale daga nan ɗigo ne baƙi mai jan farin zare a bayansa. Abin da nake yi wa ɗalibai, in riƙe hoton tambarin Najeriya a waya, in nuna musu farar alamar nan mai reshe biyu da ke tsakiyar baƙar garkuwa, in ce su ɗaga kai su nemo ta a ƙasa. Ba a minti ɗaya wani zai yi ihu ya ce ga ta can. Daga nan darasin ya zauna.

Da yake gabas kuke kallo, da sassafe rana na cikin idonku, ruwan sai ƙyalli. Wajen ƙarfe goma ta ɗan ɗaga, an fi ganin komai, kuma lokacin ne za ku iso in kun yi sammako. Maganar bambancin launin kogunan biyu da ake yawan yi, akwai ta, amma tana bin lokaci: wani watan za ka ga ɗaya ya fi ɗaya duhu ko ja, wani watan duk ɗaya suke. Kada ka yi wa yara alkawarinta.

Za a kuma ba ku labari cewa a nan Flora Shaw, matar Lugga, ta tsaya tana kallon kogi ta raɗa wa ƙasar suna. Labari ne mai daɗin ji a wurin, amma lissafi bai ba da shi ba. Ta rubuta sunan ne a jaridar The Times ta Landan a Janairun 1897, tana ma'aikaciyar jaridar, ba ta kuma auri Lugga ba sai 1902. Ba sai ka yi musu da mai yi muku jagora ba, abincinsa yake nema. Ka gyara wa yara a mota.

Awa ɗaya da rabi ta isa har da saukowa. A riƙe hannun ƙaramin cikinsu, don ba ko'ina ke da shinge a bakin dutsen ba, a kuma samar wa Hajiya inuwa da ruwan sha.

Cikin gari, a gurguje

Tsoffin wuraren Turawa ba su da nisa da juna, ana iya zaga su cikin awa guda. Akwai gidan tarihin mulkin mallaka, wanda ke cikin ɗaya daga gidajen katako na wancan zamani da aka ɗora a kan ƙafafu don iska ta ratsa ta ƙasa, cikinsa yawanci hotuna ne. Akwai ginshiƙin da ke nuna inda aka sauya tuta a 1900. Akwai dandalin tunawa da sojojin yaƙin duniya, da manyan bindigogi a girke, inda nake sa ɗalibai su karanta sunayen da ke jikin allon, su ga cewa akwai namu a cikin waɗanda suka mutu a yaƙin da ba nasu ba. Akwai makarantar Holy Trinity da ake danganta kafuwarta da Bishop Samuel Ajayi Crowther a 1865, wadda ake cewa ita ce firamaren boko ta farko a Arewa, kuma a harabarta ne ƙarafan nan suke da ake cewa bawan da ya gudo ya taɓa su ya 'yantu. Sai maƙabartar Turawa, wadda shekarun da ke rubuce a kan duwatsunta, samari 'yan ashirin da wani abu, suka fi kowane littafi bayyana abin da sauro ya yi musu. Gidan gwamnatin jihar ma sunan Lugga yake ɗauke da shi, amma wannan daga waje za ku gani, kuma kada a ɗaga waya a ƙofarsa.

In lokaci ya ƙure, ka ɗauki gidan tarihi da dandalin sojoji ka bar sauran.

Kabawa

Nan ne nake ganin Hajiya ta fi ku duka sanin abin da ta zo nema. Yawancin masu zuwa Lakwaja sawun Lugga suke bi, su koma gida ba su san cewa a wata tsohuwar unguwa a cikin garin sarakunanmu na kwance ba. Turawa sun mayar da Lakwaja wurin ajiye sarakunan da suka tuɓe. Ga bariki a kusa, ga nisa da talakawansu, ga kogi da ke kawo jirgin gwamnati kowane lokaci. Sarki ba ya tafiya shi kaɗai, da iyali da bayi da malamai da barori yake zuwa, kuma da yawansu ba su koma ba. Shi ya sa za ka tsaya a Kabawa ka ji Hausa tsantsa a bakin mutumin da aka haifi kakansa a nan.

Sarkin Kano Aliyu Babba, Alu Maisango, ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi ne, shi ya jagoranci Yusufawa bayan rasuwar ɗan'uwansa Yusufu har suka yi galaba a kan Sarki Tukur a yaƙin basasa, ya hau gadon Dabo a 1894. Lokacin da sojojin Ingila suka fasa Kano a farkon Fabrairun 1903 ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan hakimansa. A hanyar dawowa labari ya same su. Wazirinsa Ahmadu ya ja ragowar runduna aka gwabza a Kwatarkwashi ya yi shahada, shi kuwa Alu ya yi arewa, aka kama shi a ƙasar Gobir aka miƙa wa Turawa. Suka kai shi Yola, daga baya suka dawo da shi Lakwaja, inda ya zauna har rasuwarsa a 1926. Ka lissafa wa yara: shekara tara yana sarautar Kano, shekara 23 yana tsare a ƙasar wasu.

Ba shi kaɗai ba ne. Etsu Nupe Abubakar na Bida a nan ya ƙare. Sarkin Zazzau Kwasau, wanda Turawa suka cire a farkon zuwansu, nan aka kawo shi. Wanda suka naɗa a madadinsa a 1903, Aliyu Ɗan Sidi, malami kuma marubucin waƙoƙi, ya yi mulki har wajen 1920, sannan su ɗin dai suka tuɓe shi suka turo shi garin da suka tura wanda ya gada, ya rasu a nan a 1924. Duk lokacin da na zo nan da ɗalibai, wannan ne ke sa su yin shiru, don a aji suna ɗauka cewa wanda Bature ya naɗa ya tsira.

Kaburburan a cikin unguwa suke, a tsakanin gidajen mutane, baƙo ba zai gane lungun da kansa ba. Abin da nake yi shi ne in daidaita isowarmu da azahar, mu yi sallah a masallacin unguwa, bayan an sallame in gaisa da liman ko wani dattijo in faɗi daga inda muke da abin da ya kawo mu. Ban taɓa rasa wanda zai haɗa mu da yaro ya raka mu ba, sau da yawa ma dattijon da kansa yake tashi. Ka ce daga Kano kuke, ga tsohuwa ta zo gaida Sarki Alu, za ka ga yadda fuska ke sakewa. Ku shiga da sallama, ku yi wa mamatan addu'a, a nemi izini kafin a ɗauki hoto, a kuma yi wa masu kula da wurin alheri, don ba albashi suke jira ba. Kada ku je da tsammanin ƙasaitaccen gini irin na Hubbaren Shehu. Wuri ne mai sauƙi ƙwarai, kuma yara za su tambaye ka dalilin da ya sa sarkin Kano guda yake kwance a nan. Ka bar Hajiya ta amsa musu da abin da ta ji a bakin manyanta, kai ka cike da shekarun.

Game da hukuncin ziyarar mata ga kabari da yadda za ku yi ƙasaru, wannan fagen malaman fiƙihu ne, ka tambayi naku kafin ku fito. Nisan dai ya kai na ƙasaru. In kana son gaisuwa a fadar Maigarin Lakwaja, wannan sai an aika tun kafin ranar, kuma a wuni ɗaya zai ci muku lokaci.

Jirgin ruwa

Ba ganganci ba ne in an bi ƙa'ida, amma shi ne abu na farko da nake yankewa idan lokaci ya ƙure. Mutane na zaton in sun shiga jirgi za su fi ganin mahaɗar. A kan ruwa ba ka ganin komai sai faɗi, ga tsibiri nan ga yashi can, sai matuƙi ya kashe inji ya ce to nan ne, kai kuma ka yarda da shi. Gani na kan dutse ne. Abin da jirgi ke bayarwa daban ne: iskar kogi, masunta na jefa birgi, matan Bassa da Igala na fitowa daga ƙetare da kayan kasuwa, da kallon Patti daga ƙasa.

Ana samun jiragen inji a bakin kasuwar Kpata da kuma wajen Ganaja. Ka yi shatar jirgi naku ku kaɗai, ka gama ciniki na zuwa da dawowa kafin kowa ya taka, kada ku shiga na fito da ake loda wa mutane da buhuna da babura. Sharaɗina ɗaya ne kuma ba na sassauta shi ko ga ɗaliban da suka iya iyo: kowane kai da rigar ruwa, a ɗaure, daidai jikinsa. Rigar babba a jikin yaro ɗan shekara shida ba ta da amfani, in ya faɗa ruwa ta kansa za ta fice. In babu ta yara, an fasa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, a Lakwaja hedikwatarta take, kuma ta hana tafiyar dare da lodin wuce kima, ta wajabta rigar, don haka ba baƙon abu kake nema ba. In hadari ya haɗu ko iska ta taso, ko kun biya ku haƙura. Kada kuma a bar yara su yi wanka ko wasa a gaɓa. Yashin bakin kogi na zaftarewa ba zato, ruwan da ke kwance kuma yana sa tsargiya.

Hajiya fa? Shiga kwale-kwale na buƙatar taka laka da tsallake baki yana lilo. Kai ka san ƙarfin gwiwoyinta, ni ban gan ta ba. In da ni ne, sai in bar ta a inuwa ita da uwar yara su yi cinikin kifi, mu yi minti arba'in mu dawo. In tana da hawan jini ko ciwon suga, a ji ta bakin likitanta kan doguwar zama a mota da zafin garin, magungunanta kuma su kasance a jakar hannu.

Ci, tsaraba, juyawa

Ku taho da abin karyawa daga gida da ruwa mai yawa a kula, ya fi wanda kuke zaton za ku sha. Abincin rana kuwa a ci kifi, don shi ne abin garin: tarwaɗa, ƙarfasa, giwan ruwa in an dace, a farfesu ko a gashe. A Kabawa da kewayen tsohuwar kasuwa ba za ku rasa tuwo da shinkafa irin na gida ba. Bandar kifi ita ce tsarabar da ta fi, a Kpata ko a bakin hanya wajen Jamata da Kotonkarfe. A karya ɗaya a duba cikinsa, a shinshina, wanda bai bushe sosai ba kafin ku kai Gwagwalada motar ta gaya muku. Doya da manja da garin rogo ma sun fi Abuja sauƙi a ƙauyukan hanya, amma tsayawa ɗaya za ku yi, ba biyar ba.

Ban sa maka farashi ba da gangan, don kuɗin mai da na shata da na jirgi suna sauyawa tsakanin wata da wata, duk adadin da na rubuta yau zai iya ɓatar da kai gobe. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, masu jirgi da masu kifi ba duka ke karɓar tiransifa ba. Halin hanya ma na ranar ne: daren da za ku tafi ka kira wani direban da ya biyo ta a ranar, ko ka leƙa tashar Zuba ka tambayi 'yan kamasho. In suka ce akwai tirelar da ta toshe Kotonkarfe ko ana zaman ɗar-ɗar a wani yanki, ka ɗaga tafiyar zuwa wani mako.

Tsarin da zan ba ka ke nan: tara da rabi kuna kan Patti, sha ɗaya kun sauko kun zaga wuraren Turawa, sha biyu da rabi abinci, azahar a Kabawa da ziyara. In kun fito daga Kabawa kafin biyu da kwata, a yi jirgi. In ziyarar ta ja, kuma takan ja idan dattijai suka fara ba da labari, ku tsaya a bakin Kpata yara su taɓa ganin kogin kusa, a sayi kifi, ƙarfe uku ku kama hanya.